Yadda ake gano gudun da ya dace da bindigar iskarka a harbin kan tebur

Ranar da na fara zuwa filin da muke koyon harbi a nan Legas, tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce, wace bindiga ce ta fi gudu. Dattijon da ke kula da mu, tsohon soja ne mai yawan shiru, ya miƙo mini takardar saiti guda biyu. Ɗaya ramuka biyar ne a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Ɗayar rami ɗaya ne tal, ɗan faɗinsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ma harbi biyar ne. Bindigar da ta yi ramuka biyar ɗin ta fi gudu." Na ce, "Baba, to ina amfanin gudun?" Ya ce, "Shi za ka zo ka koya."

Abin da na koya a wajensa shi nake so in shimfiɗa a nan. A harbin kan tebur, inda ake zama a ɗora bindiga a kan jakar yashi bisa tebur a harbi takarda, ba a neman gudu mafi yawa, ana neman gudun da ba ya canzawa daga harbi zuwa harbi, wanda kuma bai ƙetare iyakar da maƙerin bindigar da dokar gasa suka gindaya ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kafin komai, doka

A Amurka da wasu ƙasashen Turai masu harbin kan tebur da manyan bindigogi su ke haɗa harsashinsu da hannunsu. Akwai wani harsashi da ake kira 6 PPC, wanda Lou Palmisano da Ferris Pindell suka ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1970, har yau shi ne ya fi tashe a gasar yadi 100 da 200. Su ma ɗin ba da ka suke yi ba. Ƙa'idar ita ce su buɗe littafin da kamfanin albarushi ya wallafa, su fara daga awo mafi ƙanƙanta, su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan suna auna gudu, kada kuma su wuce awon ƙarshe da littafin ya rubuta. In na'ura ta nuna gudun ya zarce na littafi, sun san matsin da ke cikin bututu ma ya zarce, sai su ja da baya.

Mu a Najeriya wannan ƙofar a rufe take. Dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ya ƙera ko ya harhaɗa harsashi a gida, har gyaran bindiga ma sai mai izini. Bindigar iska kanta tana cikin jerin waɗanda sai da lasisin Babban Sufeton 'Yan Sanda ake mallaka. Don haka duk abin da zan faɗa na wanda ke da takardunsa ne, ko wanda ke amfani da bindigar kulob mai rajista, a filin da aka amince a yi harbi. Ba na bayan gida a Agege ko saman bene a Obalende ba ne, inda maƙwabci ke shanya a bayan katanga, yara kuma ke wasa a lungu. Abin da masu haɗa harsashi ke nema da albarushi, mu muna nemansa ta hanyar zaɓen ƙwayar dalma, wato harsashin bindigar iska, da daidaita iska, kuma dabarar ɗaya ce.

Kayan da za ka tanada

Na'urar auna gudu ita ce uwar tafiya. Iri biyu ne: mai idanu biyu da ƙwayar ke wucewa ta samansu, da mai aiki da rada wadda ake ajiyewa a gefen bututu. Mai idanun ta fi araha, ta kuma wadatar. In ba ka da ita, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya, domin ba kullum ake buƙatarta ba.

Sai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, wanda ke nuna aƙalla lamba biyu bayan ɗigo, mai uku ya fi. Sai tebur mai nauyi da ba ya rawa, jakar yashi biyu, ta gaba da ta baya, gilashin kare ido, akwatin tare ƙwaya a bayan takarda, ruler ko ma'aunin ƙarfe na makanikai, da littafi da biro. Kada ka raina littafin nan. Waya tana mutuwa, kai kuma yana mantuwa, amma abin da ka rubuta ranar Asabar yana nan ranar Asabar ta gaba.

Ƙwayar dalma kuwa, nemi iri uku zuwa biyar. Waɗanda aka fi sani su ne JSB na ƙasar Cek, da H&N da RWS na Jamus, galibi 500 a gwangwani. Ko da duk an rubuta milimita 4.5, ka juya gwangwanin ka duba ƙasansa. Za ka ga 4.49 ko 4.50 ko 4.51 ko 4.52, wato faɗin kan ƙwayar, tare da lambar zubin da aka yi ta. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani shi ke sa wata bindiga ta so wata ƙwaya ta ƙi wata.

Mataki na farko: tace ƙwaya

Zuba ƙwaya kamar hamsin a kan farin ƙyalle, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kana duban gindinsu, wajen da ya buɗe kamar bakin kofi. Duk wadda ta lotse ko ta karkace, ware ta gefe don ɗumama bututu. A Legas akwai ƙarin abin dubawa. Laimar garin nan da iskar teku mai gishiri suna sa dalma ta yi farin gari-gari idan gwangwani ya daɗe a buɗe. Ƙwayar da ta yi haka ba ta shiga gwaji. Ni ina ajiye nawa a cikin roba mai murfi, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Sannan ka ɗora goma a sikeli ɗaya-ɗaya ka rubuta. Ƙwayar JSB Exact da aka fi amfani da ita nauyinta giram 0.547 ne, ta gasar mita 10 kuma mai shafaffen kai wajen giram 0.53. In ka ga wata ta fita daban da 'yan'uwanta, cire ta.

Kada ka sa ƙwaya a baki don hannunka ya samu sarari, ɗabi'ar da na ga mutane da yawa suna yi. Dalma guba ce. Mu da muka ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a tuna mana ba. Ba cin goro, ba tsire a kan teburin harbi, kuma a wanke hannu da sabulu kafin alwala ko cin abinci.

Mataki na biyu: kafa na'ura

Ajiye ta daidai, ba karkace ba, kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga bakin bindiga. Tazarar da ka zaɓa, rubuta ta, kullum kuma ita za ka riƙa maimaitawa. Mai idanu tana son haske mai laushi. Ranar da hadari ya rufe sama ta fi kowace rana daɗin aiki, irin ranakun da Legas ba ta rowarsu a watan Yuni da Yuli. Doguwar fitilar nan ta ofis tana ƙyaftawa ta yadda ido ba ya kamawa, amma na'urar tana gani, sai ta riƙa ba ka lambobin banza, balle in an ɗauke wuta an tayar da janareta. A cikin ɗaki, yi amfani da fitila mai batir.

Ga inda na taɓa yin asara. Madubin saiti yana zaune ne santimita huɗu zuwa biyar a saman bututu. A kusa-kusa haka, abin da kake gani a madubi ba nan ƙwayar za ta bi ba, ƙasa da nan za ta bi. Na leƙa madubi na ga hanya fes, na taɓa kunama, sai ji na yi ƙwas, na fasa idon baya na na'urar da muka haɗa kuɗi mu huɗu muka saya. Tun daga ranar, kafin in ɗura ƙwaya sai na sunkuya na bi tsawon bututun da idona daga gefe, na tabbatar ya bi ta tsakiyar na'urar.

Mataki na uku: harbi goma, da lissafinsa

Sa gilashinka. Harba biyar na ɗumi, kada ka rubuta su. Sannan ka harba goma a natse, da irin ƙwaya ɗaya, kana rubuta kowace lamba. A ce, don misali, ka samu 238, 240, 239, 241, 240, 238, 240, 239, 241, 240, duk mita a sakan.

Abu uku za ka fitar. Tara su ka raba goma, ka samu matsakaici, a nan 239.6. Cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma, ka samu tazara, a nan 3. Wannan tazarar ita ce lambar da na fi damuwa da ita, ga kuma dalili. Ƙwayar da ta fita da gudun 240 tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ta kai mita 25, a wannan ɗan lokacin kuma ƙasa ta janyo ta fiye da santimita biyar. In ta gaba ta fita da 230, za ta sauka kusan milimita biyar ƙasa da ta farko, fiye da faɗin ƙwayar kanta, alhali hannunka bai yi laifin komai ba. A gasar kan tebur ta mita 25, inda ake harbi 25 kowanne a da'irarsa ana neman maki 250, milimita biyar ta isa ta raba ka da na ɗaya. Tazarar 3 ko 4 abin farin ciki ne. In ta kai 10, akwai magana: ko ƙwaya, ko zoben roba da ya fara yoyo, ko iskar tukunya, wato ma'ajin matsattsiyar iska da ke jikin bindigar.

Na uku shi ne ƙarfi, wanda ake aunawa da jul. Ɗauki nauyin ƙwaya a giram, ka ninka da gudu, ka sake ninkawa da gudu, ka raba da 2000. Yi amfani da gudu mafi girma, ba matsakaici ba: 0.547 sau 241 sau 241, a raba da 2000, ya ba da 15.9. Me ya sa wannan ya zama dole? Saboda iyakoki da ƙarfi ake faɗinsu. A Ingila bindigar iska da ta wuce jul 16.27 sai da lasisin babbar bindiga, kuma wannan adadin shi ne rufin ƙaramin aji a gasar kan tebur. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, bindigogin gasar mita 10 ta Olamfik ma a wajen nan suke, gudunsu bai fi 170 zuwa 180 ba, amma da su ake bugun ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne. Tambayi kulob ɗinku iyakar da suke bi da ƙarfin da akwatin tare ƙwayarsu ke iya ɗauka, ka kuma bar 'yar rata a ƙasa da ita. Ka sake lissafin da kowace irin ƙwaya, domin a bindiga mai tukunya ƙwaya mai nauyi takan ba da ƙarfi fiye da marar nauyi ko da gudunta ya ragu.

Mataki na huɗu: san halin tukunyarka

Nan ne aikin yake, nan ne kuma haɗarin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Bindiga mai tukunyar iska akan cika ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wasu sun fi haka, adadin yana rubuce a jikin tukunyar. Wannan lambar ba ta ciniki ba ce. Mutane suna zaton ƙarin iska ƙarin gudu ne, alhali a bindigar da ba ta da regileta, wato 'yar na'urar da ke daidaita matsin iskar da kowane harbi ke samu, akasin haka ke faruwa: iskar da ta yi yawa tana danne bawul, ya kasa buɗewa sosai, gudu ya faɗi. Ka sa kanka cikin haɗari, ka kuma yi asarar abin da kake nema.

Cika ta daidai adadin da aka rubuta, a hankali, domin iska tana zafi in ana matsa ta, in ta huce kuma allurar agogon za ta ɗan sauka. Jira minti goma. Sannan ka zauna ka yi ta harbi ta cikin na'ura, kana rubuta kowane gudu, bayan kowane harbi biyar kuma ka rubuta abin da agogon tukunya ya nuna. Kada ka gaji, wataƙila harbi sittin ne ko tamanin. In babu regileta za ka ga lambobin sun fara ƙasa, sun hau, sun daidaita na wani lokaci, sannan sun gangaro, kamar mai hawa gadar sama ya sauka. Shimfiɗaɗɗen wurin nan na tsakiya shi ne naka. Duba littafi ka ga daga bar nawa ya fara, a bar nawa ya ƙare. Daga yau iya nan za ka riƙa cikawa, in ka kai ƙarshensa kuma ka tsaya ka ƙara iska. In akwai regileta, lambobin za su tafi a miƙe har zuwa inda za su karye gaba ɗaya. Ƙirga harbi nawa ka samu kafin karyewar, ka rage biyar, ka riƙe wannan adadin.

Iska kawai ake sa wa tukunyar nan, busasshiya. Kada wani mai walda ko mai sayar da tukunyar asibiti ya ce zai taimaka maka da iskar oksijin. In ta haɗu da ɗigon mai a wannan matsin, wuta ce da fashewa. Haka nan man inji ko man keken ɗinki ba ya kusantar bakin cikawa. Mai amfani da famfon hannu a Legas ya sani yana tura laimar garin ne cikin ƙarfe, don haka ya sa matatar da ke shanye ruwa, ya riƙa hutawa yana sakin bawul ɗin famfon don ruwan ya fita. Tukwanen bindigogin gasa suna da kwanan wata a jiki, ƙa'idar hukumar harbi ta duniya kuma shekara goma ce, daga nan an daina amfani da su.

Sai zafin mota. Tukunyar da aka cika bar 200 da sanyin safiya, in ta yini a but ɗin mota a rana har ta kai digiri 60, za ta haura 220 ba tare da ka ƙara mata komai ba. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Oshodi ko gadar Third Mainland da azahar ya san wannan ba labari ba ne. In ka iso fili, ajiye ta a inuwa ta huce kafin ka fara awo, in ba haka ba lambobin ranar ba za su yi daidai da na kowace rana ba.

Mai bindigar sifirin, wadda ake karyawa a ɗana, ba shi da wannan wahalar, amma yana da tasa. Kada ya harba ta babu ƙwaya. Kada ya saki bututun daga hannunsa yayin da yake ɗurawa. Kada kuma ya ɗiga mai a ramin iska. In ka ji ƙara kamar ta bindigar gaske, ka ga hayaƙi, na'ura kuma ta nuna gudu ya yi tsalle, man ne ya kama wuta a ciki, yana cin roba yana karya sifirin. Sabuwa takan buƙaci harbi ɗaruruwa kafin lambobinta su zauna.

Mataki na biyar: takarda ce alƙali

Na'ura ta gaya maka wace ƙwaya ce ke fita daidai. Ba ta gaya maka wadda ke sauka daidai ba. Kafa takarda a mita 25, ka zo da sassafe kafin iskar teku ta taso, domin da rana ta yi sama sai ta fara kaɗawa. Ɗaure 'yan tsummoki marasa nauyi a sanda biyu ko uku tsakaninka da takarda, ka riƙa harbi sa'ad da suka kwanta iri ɗaya.

Kowace irin ƙwaya, yi mata rukuni biyar, kowane rukuni harbi biyar. Rukuni ɗaya mai kyau sa'a ce, kowa yana samu, kada ka ɗauki hotonsa ka yanke hukunci. In za ka canza iri, harba goma zuwa ashirin a gefe tukuna, bututun ya saba da sabuwar dalmar. Zamanka, yadda kuncinka ya taɓa ƙota, inda bindigar ta hau jakar yashi, duk su zama iri ɗaya. Mai sifirin kada ya danne ta, ya bar ta ta yi motsinta a kan abu mai laushi.

Wajen awo, auna daga gefen waje zuwa gefen waje na ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka cire 4.5, abin da ya rage shi ne girman rukunin. Sannan ka dubi siffarsa. In ya miƙe sama da ƙasa, koma ga littafinka ka duba tazarar gudu. In ya miƙe hagu da dama, iska ce ko hannunka. In ya watse ko'ina, bututun ba ya son ƙwayar, ko kuma gudun ya yi mata yawa.

Wannan na ƙarshe yana faruwa fiye da yadda ake zato. Ƙwayar dalma mai siririn ƙugu an yi ta ne don tafiya ƙasa da gudun sauti, wanda a zafin Legas yake wajen mita 349 a sakan. Tun kafin ta kai nan, da ta doshi 290 zuwa 300, takan fara rawa a hanya. Shi ya sa lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, ƙafa 1000 ko 1200 a sakan, ba ta burge mai harbin tebur. Da ƙwaya marar nauyi ake samo ta, kuma ba ta da alaƙa da inda harbin zai sauka.

Mataki na shida: in za a taɓa gudun

Sai ka gama duk na sama, ka fitar da ƙwaya ɗaya da ta fi, sannan za ka yi tunanin wannan. Wasu bindigogin maƙerin ya sa musu wurin ƙara ko rage gudu daga waje, ya kuma yi bayaninsa a littafin da ya zo da su. In taka tana da shi, sa alama a inda yake yanzu don ka iya komawa. Fara da ragewa. Juya kwata ɗaya, harba biyar ya zauna, auna goma, sake lissafin jul, yi rukuni biyar, rubuta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, in ka canza ƙwaya da gudu tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Za ka tarar da wani ɗan yanki inda rukunin ya tsuke, ya kuma zauna a tsuke ko an ɗan ƙara ko an ɗan rage. Tsakiyar wannan yankin za ka zauna, ba bakinsa ba, don sauyin yanayi tsakanin damina da hunturu kada ya fitar da kai.

In kuwa sai an kwance tukunya ko regileta kafin a kai ga wurin, wannan ba aikinka ba ne, na mai gyara ne mai izini.

Da ka samu abin da kake nema, buɗe sabon shafi ka rubuta kwanan wata, sunan ƙwaya, faɗin kanta, lambar zubinta, matsakaicin gudu, tazara, jul, bar ɗin farawa da na tsayawa, da yanayin garin a ranar. Sannan ka koma wajen wanda ya sayar maka, ka juya gwangwanayensa ɗaya bayan ɗaya, ka kwashi masu wannan lambar zubin gwargwadon ƙarfin aljihunka, domin zubi na gaba ko sunansu ɗaya sai ka sake zama a gaban na'ura. Duk wata biyu ko uku kuma ka harba goma ta cikinta ka gwada da shafin nan. In matsakaicin ya sauka da mita biyar ko fiye, ƙwaya ba ta canza ba, kai bindigar a duba zoben robarta kafin ranar gasa.